Ƙusar Fedar Hagu

Keken Baba ba ya kuka. A unguwarmu ta Birni, cikin Damagaram, ana gane masu keke da kukan kekunansu tun kafin su ɓullo lungu. Na mahaucin unguwa yana ƙugi kamar tsohon ƙyaure, na mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makarantarmu, yana ƙas-ƙas kamar ana tauna aya. Na Baba kuwa sai dai a ji taya tana murza yashi, sai sallamarsa a zaure.

Baba falanto ne, mai kai takardu daga buro zuwa buro, wato ofis-ofis, kuma sharaɗin aikin shi ne mutum ya zo da kekensa. Wanda ba shi da keke ba shi da aikin. A shekarun farin nan, da gonarmu ta Gafati ta ba mu kara babu zangarniya, albashin wannan aiki kaɗai ke ɗora tukunya a murhun gidanmu.

Ni ce ƴar fari, saboda haka akwai kunya tsakanina da iyayena. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye. In yana son ruwa sai ya ce wa iska, a kawo ruwa, ni kuma in kawo. Inna ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, haka suka tashi suka ga ana yi. Duk abin da ke cikina Kaka nake kai wa, mahaifiyar Baba, domin ita ce kaɗai al'ada ta yarda ta ja ni da wasa, ni ma in ja ta.

Ran Lahadi da hantsi, ba buro ba lakwal, Baba yakan shimfiɗa tsohuwar tabarma a zaure ya kifa keken a kanta. Ni kuma sai in ɗauko faifai in zauna bakin ƙofa ina tsintar tsakuwa daga jar dawar taimako da ake rabawa. Yana aiki yana magana, amma da keken yake yi. Yakan ce wa sarƙa ba za a ba ta mai ba sai an wanke ta, ya goge ta da tsumma mai kananzir har baƙin ya daina fita. Sannan ya tsoma gashin kaza cikin man keken ɗinki, ya bi ta gaɓa-gaɓa, ya sake gogewa, yana gaya mata cewa man da ya shiga ciki shi ne nata, wanda ya tsaya a waje yashi zai kira. Yakan kaɗa wayoyin ƙafa da farce ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a kusa, in ya ji wadda muryarta ta faɗi sai ya ɗan murɗa ta. Ya girgiza sirdi, ya girgiza kan keken, ya matse birki ya saki.

Abin da yake yi a ƙarshe shi ne duba ƙusar feda. Wata ƴar gajeriyar ƙusa ce mai kauri, gefe ɗaya a shafe, da noti a wutsiyarta. Ita ke riƙe hannun feda a jikin sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar keke. Baba yakan miƙar da keken, ya tokare hannun fedar da wani dutse da ya ajiye don haka, ya buga kan ƙusar da guduma sau biyu, sannan ya ɗaure notin a hankali da yatsa biyu a kan kile, abin murɗa noti.

"Ke ba mai kike so ba, guduma kike so," in ji shi. "In kika yi sako-sako aka ci gaba da taka ki, sandar za ki cinye. Noti kuma riƙe ki yake, ba jawo ki yake ba. Wanda ya ja ki da noti ya kashe ki."

Kowace Lahadi sai ya faɗa. Na daɗe ina tsammanin mantuwa ce take sa shi maimaitawa. Keke dai ba ya ji. Ni ce a bakin ƙofa.

Da farin ya yi tsanani, mutanen arewa suka sauko da ragowar dabbobinsu suka yi bukkoki a bayan gari, sai aka tura Baba tare da kamiyo, babbar motar rabon hatsi, zuwa ƙauyukan arewa, aka ce zai yi kamar wata biyu. Ran tafiyarsa ya jingine keken a zaure, ya ɗora gwangwanin kayan gyara a kan katanga, ya dafa sirdi ya ce masa ya zauna lafiya, a riƙa juya masa ƙafa kada taya ta kwanta. Na ji. Kowace safiya kafin in tafi lakwal sai na juya ƙafafun.

Kwana uku da tafiyarsa Baffa ya zo. Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dā fataken gyaɗa ne, da gyaɗa ta ƙare a ƙasa sai ya koma sayen fatu, domin a shekarar nan dabbobi na mutuwa, masu su na yankawa kafin su faɗi, fata ta yi araha a ƙauyuka, majeman Damagaram kuma suna saye. Ya gaida Kaka, ya sha ruwa, ya miƙe ya kama kan keken kamar jiya ya ajiye shi. Ya ce zai riƙa zuwa Guna da Gafati da shi kafin ƙanensa ya dawo. Ba tambaya ya yi ba. Inna tana bayan ƙyaure tana jinsa, ba ta ce uffan ba, domin matar ƙane ba ta hana yayan miji kayan ƙanensa. Kaka ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ni kuma na tsaya da faifai a hannu ina kallon yadda ya haye shi tun daga cikin zaure, ya sauko da shi dakalin ƙofa da ƙarfi, abin da Baba bai taɓa yi ba.

Ya riƙa fita da sassafe, ya dawo bayan la'asar da fatu a ɗaure a baya, tuli har ya fi kansa tsawo, ya sauke a majema, ya kawo keken ya jingine a zaurenmu domin gidansa ba zaure. Zauren ya koma warin ɗanyar fata. Wannan ban damu da shi ba.

A mako na biyu na ji abin. Ina dawowa daga lakwal ya wuce ni a lungu, sai na ji ƙas. Ya taka, shiru, ya taka, ƙas. Duk sanda ƙafarsa ta hagu ta sauka. Na bi shi da sauri har gida, ina lissafa takunsa, ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya tafi na kama fedar hagu na girgiza. Tana motsi kaɗan, kamar haƙorin yaro da ya fara girgiɗi.

Na sami Kaka tana kaɗi na gaya mata ƙusar fedar hagu ta yi sako-sako, bugu biyu kawai take so, ta gaya wa Baffa. Ta ajiye mazari ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe abin da ake koya mana a lakwal ke nan, jin maganar ƙarfe. Ta ce uwar keke, in kekenki zai yi aure a sanar da ita ta daka fura. Na ce mata ba wasa nake ba. Ta ce to, za ta faɗa.

Ta faɗa kuwa, amma da dariya ta faɗa, kuma dariyar ce ta kashe maganar. Washegari da Baffa ya zo ta ce masa ƴar lakwal ta ce kekensa na kuka. Ya ce shi ma ya ji, ƙishirwa yake ji, duk abin da ke kuka mai yake so. Ya ɗaga murya ya ce a ba shi man gyaɗa.

Man gyaɗan da ke gidanmu a lokacin bai kai yatsa biyu a gindin kwalba ba. Inna takan tsoma tsinke ne ta ɗiga a miyar kuka don ƙannena su yarda su haɗiyi tuwon jar dawa. Na ga hannunta ya fito daga bayan ƙyaure da kwalbar. Baffa ya karɓa, ya tsiyaya a kan ƙusar, ya tsiyaya a kan sarƙa ba tare da ya goge ta ba, man yana zuba a ƙasa yashi yana shanyewa. Ya miƙa kwalbar ta koma kusan wayam. Ya hau ya zaga lungu ya dawo. Kukan ya ɗauke, domin man ya cika ramin ya toshe ƙarar.

"Ina ƴar lakwal? Ki zo ki ji. Ko ko sai an rubuto miki a takarda?"

Ban zo ba. Ina ɗakin Kaka fuskata a bango, ina cizon gefen zanena. A ranar miyarmu ba mai. Da safe na tarar da kiyashi sun yi layi daga bango zuwa sarƙar, ita kuma ta yi baƙi, ta yi danƙo, yashi ya manne mata kamar an barbaɗa gero a kan alewa.

Kwana biyu kukan ya dawo, kuma ya girma. Ƙas ya koma ƙwas, sannan ya zama biyu, ɗaya in feda ta sauka ɗaya in ta hau. Ina cikin aji ina jinsa a kaina. Mushe yana karanta mana dikte, wato shifta, ni kuma ina ganin ƙusar tana cin sandar kaɗan-kaɗan a hanyar Guna, ƙarƙashin nauyin Baffa da fatunsa. Na sake gaya wa Kaka. Ta ce ta faɗa sau ɗaya, ɗanta ne amma babba ne, ba za ta mai da shi yaro a kan maganar jika ba.

Ran Lahadi na yanke shawara. Baffa ya zo da hantsi ya shiga ciki gaida Kaka, aka kawo masa kunu. Na taka turmi na sauko da gwangwanin Baba. Na jawo dutsen na tokare hannun fedar yadda na gani sau ba adadi. Na ɗaga guduma na buga sau ɗaya, na ji ƙusar ta shiga, na ji ta da kyau. Saura bugu ɗaya da ɗaurin noti.

Ƙarar ce ta fito da shi, da kunu a gemunsa. Ya fizge gudumar. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƴa mace ta ɗaga guduma a kan keken namiji ba, wannan rashin kunya ne, kuma laifin ƙanensa ne da ya kai ni lakwal. Ya ce in na fasa ƙarfen da me ubana zai je aiki. Wannan maganar ce ta fi ƙona ni, har yau. Na san abin da zan faɗa kalma-kalma, Baba ya faɗa a gabana kowace Lahadi, amma idona yana ƙasa, na tsaya kamar an dasa ni.

Sai ya ce bari ya nuna mini yadda maza ke ɗaure abu. Ya ɗauki kile ya kama notin ya murɗa da dukan ƙarfinsa, har da tokare ƙafa a bango. Na ji lokacin da zaren ƙusar ya tsinke, wata ƴar ƙara ce mai laushi. Notin ya riƙa juyawa ba ya kama komai. Shi ma ya ji. Ya rufe gwangwanin ya sa a hammata ya tafi da shi, wai kada yara su ɓatar da kayan.

Daga baya muka ji sauran daga bakin mai gyaran keke na bakin kasuwa. Ya ce ya gaya wa Baffa babu irin wannan ƙusa a gari, motocin da ke kawo kayan keke daga Kano duk hatsi suke ɗaukowa, ya jingine keken ya jira. Baffa ya ce fatu ba sa jira. Ya sa aka goge masa ƙusar kafinta aka cusa a ramin aka lanƙwashe bakinta. Da ita ya yi wani mako biyu.

Ranar da abin ya ƙare, tura keken ya yi tun daga hanyar Gafati. Hannun fedar hagu yana ɗaure da tsumma a kan fatu. Ya jingine shi a zaure, ya gaya wa Kaka ƙarfen ya gaji, dā ma tsohon keke ne. Bai sake zuwa ɗaukarsa ba. Da ya fita na durƙusa na shafa bakin sandar. Wurin da yake a shafe don ƙusa ta zauna ya zama kamar bakin muciya, ramin hannun fedar kuma ya buɗe kamar ƙwai.

Baba ya dawo a rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya wuce keken a zaure bai tsaya ba, ya gaida Kaka, ya ci abin da aka ba shi. Washegari da sassafe ya shimfiɗa tabarma, ko da yake ba Lahadi ba ce. Na ɗauko faifai na zauna a wurina, babu ko dawa a cikinsa. Ya shafa sarƙar ya shinshina yatsansa. Ya duba katanga, ba gwangwani. Ya daɗe da babban yatsansa a bakin sandar. Sannan ya ce wa keken, a hankali:

"Duk gidan nan babu wanda ya ji kukanka?"

Ban dube shi ba, keken na duba.

"An ji tun ranar farko," na ce. "An faɗa sau biyu. An ɗauko guduma ma, an buga ɗaya. Aka ƙwace."

Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gabansa ba. Kaka daga ciki ta yi tari, ba ta yi wasa ba a ranar. Baba ya miƙe ya sa hula ya nufi gidan Baffa, ni kuma na zauna ina jira in ji unguwa ta ɗauka. Ina so a yi faɗa. Ina so a ji muryar Baba har masallaci. Ya dawo da gwangwanin a hannu, ya gaya wa Kaka ya sami Yaya lafiya, yana gaishe ta. Shi ke nan. Daga baya matar Baffa ta ce har godiya Baba ya yi masa da ya adana kayan gyaran.

A buro aka ba shi mako biyu ya gyara kekensa. Ya yi ta yawo da jakar takardu a ƙasa, daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari, cikin rana, da cikin da ba komai. Takardu suka riƙa makara. Ya ba wani direba saƙon sanda da hannun feda da ƙusa daga Kano, direban ya ce sai an sami wuri. Mako biyu suka cika, aka ɗauki wani mai keke, aka ce na ɗan lokaci ne. Baba aka mai da shi gadin ƙofar buron, yana buɗe wa wanda ya gaje shi ƙofa. Albashin gadi bai kai na falanto ba. Tukunyar rana ta daina hawa murhu a gidanmu, sai ta yamma. Ƙanena na goye ya riƙa kuka da azahar, Inna tana jijjiga shi tana kallon bango. Baffa yana zuwa gaisuwa ran Juma'a, a kawo masa tabarma, a kawo masa ruwa, ni ce ma mai kawowa.

Kayan suka iso bayan an yi ruwan farko. Baba ya haɗa keken ran Lahadi, ya wanke sarƙar sau uku kafin danƙon man gyaɗa ya fita. Shugaban buro ya ce masa in wuri ya buɗe za a tuna da shi, muddin kekensa na nan lafiya. Da zai sa sabuwar ƙusa ya bayyana mata yadda ake cire irinta in ta kama: a kwance noti har ya yi daidai da bakinta, a tokare, a buga daga ƙasa. Ya tokare da dutse, ya buga sau biyu, ya ɗaure da yatsa biyu. Keken ya koma shiru.

Ba a yi wata ɗaya ba Baffa ya aiko wa Kaka cewa gobe zai zo ya ɗauki keken, akwai fatu a Guna. Kaka ta gaya wa Baba. Na ga fuskarsa. Ya ce to, Allah ya kai mu. Ba zai iya cewa a'a ba, na sani, ko da za a sake cinye sandar sau goma.

Da Baba ya tafi sallar la'asar na taka turmi na sauko da gwangwanin. Na kwance notin har bakin ƙusa, na tokare, na buga. Sau huɗu na buga kafin ta fito, domin Baba ya sa ta da kyau. Inna tana tsakar gida tana jin kowane bugu, sai ta ɗauki taɓarya ta hau daka turmin da ba komai a ciki. Na zare hannun fedar na jingine shi a bango, na naɗe ƙusar da notinta a takarda na sa a jakar lakwal, ƙarƙashin littafin lissafi.

Da safe Baffa ya zo. Baba ya fito ya gaishe shi, suka juya wajen keken tare. Baba ya dubi sandar tsirara, ya dubi hannun fedar a bango, ya dubi dutsen da na manta ban mayar wurinsa ba.

"Yaya, ka ga yadda yake," ya ce. "Ba ƙusa."

Baffa ya ce a sa ta kafinta mana. Baba ya ce an gwada wannan. Ya faɗa a hankali, kansa a ƙasa, amma ya faɗa. Baffa ya yi tsaki, ya ce dā ma keken nan ba shi da albarka, ya fita. Na bi ta gefen Baba da jakata a kafaɗa na tafi lakwal, ƙusar tana bugun cinyata.

Baba ya tafi gadi a ƙasa ranar, da washegari, da duk kwanakin da Baffa ke neman abin hawa, har ya sami jakin haya. Baba bai tambayi inda ƙusar take ba. Da na ajiye ta a kan sirdi wata safiya, ya ɗauka ya mayar, ya tokare, sai ya ajiye gudumar a kan tabarma ta gefen da nake zaune, ya juya yana neman wani abu a gwangwani. Na buga sau biyu.

Wurin falanto bai buɗe ba. Baba ya yi gadi har ya bar aiki, da keken da ba ya kuka jingine a bayan ƙofar buro, Baffa kuma har ya rasu yana cewa ƙarfen ne ya gaji.